An Ce Maiɗakina Jinin Daniel Boone Ce, Ta Yaya Zan Tabbatar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, ina zaune a Louisville ta jihar Kentucky, kuma maiɗakina Ba'amurkiya ce. Tun da na shiga gidansu nake jin cewa su jinin Daniel Boone ne, mutumin nan da ya sari hanya ta cikin duwatsu ya shigo da Turawa Kentucky. Hujjarsu ita ce kakar maiɗakina ta wajen uwa sunan gidansu Boone kafin ta yi aure. Wani ɗan'uwansu ya samo jerin salsala a intanet wanda ya bi ta kan James Boone, ɗan farin Daniel, ta hanyar wani ɗansa da aka ce an haifa a 1794. Yanzu kuma wani kamfani ya ce in muka biya zai buga mana takardar shaida haɗe da tambarin gidan Boone. Surukata tana kwance ba lafiya, burinta ta ga takardar nan a rataye a bango tun tana da rai. Ni kuma 'ya'yana nake ji, don babbar har ta fara faɗa a makaranta. Ba na son in dasa musu ƙarya a kan asalinsu, kuma ba na son in ɓata wa surukata rai a halin da take ciki. Mene ne abin yi?

Wani mai karatu daga Louisville

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba surukarka lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin komai, kada ka ba kamfanin nan ko sisi. Jerin da aka samo muku ya karye tun daga gaɓar farko, kuma ba sai an je gidan ajiyar takardu ba kafin a gane haka. An haifi James Boone a 1757. A watan Oktoba na 1773, lokacin da ubansa ya yi yunƙurin farko na kai iyalai Kentucky, mayaƙan 'yan asalin ƙasar suka rutsa da shi da wasu samari a kwarin Powell, can kudu maso yammacin Virginia, suka kashe shi. Shekararsa 16. Kisan nan ne ma ya sa ayarin ya fasa tafiyar ya juya. Yaron da aka binne a 1773 ba zai haifi ɗa a 1794 ba.

Wannan bai nuna labarin gidan ƙarya ne ɗungurungum ba. Hanyar da aka bi ce ba ta ɓulle ba. Daniel ya auri Rebecca Bryan a 1756 a North Carolina, suka haifi 'ya'ya goma, maza shida mata huɗu. Ka ji yadda James ya ƙare. Israel ya faɗi a yaƙin Blue Licks cikin Agusta 1782, ubansa na wurin, kuma bai yi aure ba. William ya rasu yana jariri. Saura uku: Daniel Morgan, Jesse Bryan, sai auta Nathan. Duk wanda ya gaji sunan Boone daga Daniel, to ta kan ɗayan ukun nan ya biyo. Matan kuwa, Susannah ta auri William Hays, Jemima ta auri Flanders Callaway, Levina ta auri Joseph Scholl, Rebecca ta auri Philip Goe. Saboda haka jikokin Daniel na haƙiƙa masu tarin yawa ba su ma amsa sunan Boone, Hays ne su da Callaway da Scholl da Goe.

Ga wani abu kuma da ya shafe ku kai tsaye. Daniel ya bar Kentucky a 1799 ya koma Missouri, can ya rasu a 1820 a gidan Nathan, kuma 'ya'yan nan uku duk can suka tare. 'Yan'uwansa maza kuwa su shida ne: Israel, Samuel, Jonathan, George, Edward da Squire ƙarami. Samuel da George a Kentucky suka ƙare rayuwarsu. An kashe Edward a 1780 ya bar 'ya'ya a Kentucky. Squire ƙarami ya ƙare a Indiana a 1815. Idan dangin kakar nan ba su taɓa barin Kentucky ba tun kaka da kakanni, ni inda zan fara kai ido shi ne gidajen 'yan'uwan, ba gidan Daniel ba.

Yanzu bari in tsaya a kan cutar da ta fi kowace ɓata wannan aiki, don da ita nake kwana da ita nake tashi. Mutum ya ji sunan wani shahararre, ya ga ya yi daidai da sunan kakarsa, sai ya haye can sama ya kama shahararren, ya fara gangarowa yana neman inda zai liƙa kansa. Wanda ya fara daga sama ya riga ya yanke hukunci tun ba a kira shaidu ba. Daga nan duk takardar da ta goyi bayansa sai ya rungume, wadda ta saɓa masa kuwa ya ce akawu ne ya yi kuskure. Na ga jerin da aka haifi ɗa kafin uwarsa. Na ga wanda mace ta haihu tana da shekara saba'in. Na ga wanda mutum ɗaya ya yi aure a jihohi biyu a wata guda, alhali tafiyar doki ce ta makonni tsakaninsu. Masu jerin ba mahaukata ba ne, kuma yawancinsu ba maƙaryata ba ne. So ne ya rufe musu ido.

Ka san yadda irin naku yake samuwa? Wani ya bi kakanninsa da gaskiya har ya kai ga wani James Boone da ke zaune a wata gunduma wajajen 1800. Nan takardu suka ƙare masa. Shafin da yake aiki a kai ya nuno masa cewa ga wani James Boone, ɗan Daniel. Ya danna, mutum biyu suka zama ɗaya. Washegari wani ya kwafa, jibi wani ya kwafa daga wanda ya kwafa. Bayan 'yan shekaru sai ɗan'uwan maiɗakinka ya zo ya tarar da abin a wurare barkatai, ya ce ai ba za a taru a kan ƙarya ba. An taru kuwa, domin duk daga bakin mutum ɗaya ta fito. Jerin da ka gani a Ancestry ko FamilySearch ko Find a Grave, in babu hoton takardar asali a jikin kowace gaɓa, to zance ne kawai. Shafukan suna da amfani ƙwarai, amma amfaninsu yana cikin hotunan littattafan kotu da na ƙidaya da suka ɗora, ba cikin abin da jama'a suka shigar da hannunsu ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gidan Boone gida ne na maimaita suna. Squire sunan uban Daniel ne, sunan ƙaninsa ne, sunan 'ya'yan 'yan'uwansa ne. Haka George da Samuel da James da Daniel ɗin kansa. Kuma a takardun wancan zamani, idan akawu ya rubuta "babba" da "ƙarami" a bayan suna, ba lallai uba da ɗa yake nufi ba. Sau da yawa yana bambanta mutum biyu ne masu suna ɗaya a gunduma ɗaya, wannan ya girmi wancan, ko da kawu ne da ɗan ɗan'uwa, ko ma ba su haɗa komai ba. In babban ya mutu, ƙaramin ya zama babba. Har ila yau Daniel da Rebecca sun riƙe marayun wansa Israel a gidansu, don haka yaro ya tashi a gidan Daniel ba shi ne ya zama ɗansa ba. Sannan akwai masu suna Boone da ba su da alaƙa da wannan gida sam. John Boone wanda ya kafa gandun Boone Hall kusa da Charleston a 1681 yana Amurka tun kafin kakan Daniel ya taka ƙasar. Akwai kuma Jamusawa masu suna Bohn da alƙalamin akawu ya mayar da su Boon.

Kai Bazazzage ne, ka san in mutum ya je Sakkwato ya ce shi jinin Shehu ne, ba musu za a yi masa ba, tambayarsa za a yi: ta wajen wa? Bello ko Atiku, Buhari ko Rufa'i ko Isa? Daga nan kuma wa ya haifi wa, har a iso kansa. In ya yi tuntuɓe a tsakiya, magana ta ƙare. Ƙa'idar ke nan a can ma. Ƙungiyar matan nan ta DAR, wadda aka kafa a 1890 domin zuri'ar waɗanda suka taimaka a yaƙin neman 'yancin Amurka, ba ta karɓar "an ce". Sai an kawo takarda a kan kowane hawa.

Masu sayar da tambari kuwa, su ne suka fi ba ni haushi, don sun san abin da suke yi. Tsofaffi da marasa lafiya suke farauta, da masu neman abin kyauta ga iyaye. A dokar tambura ta Ingila, mutum ɗaya ake ba tambari, ya gadar wa zuri'arsa. Ba a ba suna tambari. Hukumar da ke kula da wannan a Landan, College of Arms, ta sha bayyana hakan. Kakan Daniel, George Boone, masaƙi ne daga garin Bradninch a yankin Devon, ya iso Philadelphia a 1717. Ɗansa Squire masaƙi ne kuma maƙeri. 'Yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, mutanen da aka sani da gudun ado da taƙama. Abin da kamfanin zai yi shi ne ya buɗe wani tsohon littafin tambura, ya nemo wani Boone ko mai suna makamancin haka, ya buga zanen da launi, ya ɗora jerin nan naku mai James a ƙasa ba tare da ya duba ko layi ɗaya ba. Kai ka kawo musu ƙaryar, su sa mata firam su sayar maka. Kuma da zarar ta hau bango ta zama hujja. Jikokinka za su ce ai ga takarda nan tun zamanin kaka.

Malam, mu nasaba ba abin wasa ba ce a wurinmu. Allah ya ce a Suratul Ahzab a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurinSa. Hadisi kuma ya zo a Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Ba ina cewa surukanka sun faɗa cikin wannan ba, su abin da suka taso suka ji suke faɗa. Amma kai yanzu ka san James bai haihu ba. Kuma akwai zalunci a ciki da mutane ba sa lura da shi: duk ranar da aka liƙa wa James wannan ɗa na 1794, an goge sunan uban yaron na gaskiya. Mutum ne da ya sari daji, ya biya haraji, ya binne 'ya'ya, ya bar zuri'a, sai jikokinsa suka ture shi gefe don ba shi da suna a littafin makaranta.

To ga yadda ake yi. Daga maiɗakinka za ka fara, ka riƙa hawa baya ɗaki-ɗaki, kuma ba ka matsawa sai ka riƙe takardar da ta ce wane ɗan wane ne. Aikin farko ma ba na takarda ba ne, na surukarka ne, kuma shi ne ba ya jira. Ranar da ta ɗan ji sauƙi, ku zauna da ita da waya tana ɗaukar murya. Kada ku tambaye ta labarin Boone, wannan kun riga kun haddace. Ku tambaye ta ina aka binne mahaifiyarta da kakanta, wace coci suke zuwa, su wane ne kawunanta, wane rafi ne kusa da gonar, kuma a hannun wa Baibul ɗin gidan yake. Turawan zamanin da suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa a fararen shafukan da ke tsakiyar Baibul. In kun same shi, duba shekarar da aka buga littafin. Idan bugun 1880 ne amma an rubuta haihuwar 1794 a ciki, da hannu ɗaya da tawada ɗaya, to daga baya wani ya zauna ya rubuta abin da ya ji. Ku kuma sa ta sa hannu a nemi takardar haihuwarta da ta mutuwar mahaifiyarta, domin jihohi da yawa ba sa ba kowa irin waɗannan sai makusanci, kuma bayan rai ya yi halinsa wahalar tana ninkuwa. Kentucky ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta jiha gaba ɗaya a 1911, Missouri a 1910. Kafin nan Kentucky ta ɗan taɓa yi tsakanin 1852 da 1862. Takardar mutuwa tana ba da sunan iyayen mamaci, amma ka tuna wanda ya ba da bayanin yana cikin jimami, kuma wataƙila suruki ne da bai taɓa ganinsu ba.

Daga nan sai ƙidaya. Ana sakin ta bayan shekara 72, don haka ta 1950 ta fito a 2022. Ka nemo kakar a gidan ubanta, ka bi su baya kowace shekara goma. Ta 1890 gobara ta ci kusan dukkanta a Washington a 1921, amma ta 1900 tana cike giɓin, don ta rubuta watan haihuwa da shekara, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda ke raye. Ta 1880 ta faɗi dangantakar kowa da maigida da jihar da aka haifi iyayensa. Har zuwa 1850 aikin mai sauƙi ne, kyauta kuma a FamilySearch.

Kafin 1850 ne gumi yake. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gidan sai dai adadi. Takardun ƙidayar Kentucky na 1790 da 1800 kuma sun ɓata. A nan ne mafi yawan mutane suke gajiya su yi tsalle zuwa Daniel. Mai haƙuri kuwa littafin haraji yake buɗewa, don shi duk shekara ake yin sa. Shafi ne mai layuka: sunan mutum, eka nawa ya mallaka, a kan wane rafi gonar take, da sunan wa aka fara shigar da filin, maza nawa ne suka haura 21, bayi nawa, dawakai nawa. Ka jera shekaru goma sha biyar a gabanka ka ga yadda gida yake motsi. Bana ga tsoho da eka ɗari biyu a kan rafi kaza. Baɗi sai ga sabon suna ya bayyana kusa da shi, sunan gida ɗaya, babu fili, doki ɗaya: saurayi ne ya cika 21, ka samu shekarar haihuwarsa ke nan. Bayan wasu shekaru tsohon ya ɓace, a wurinsa an rubuta matarsa ko magadansa: ka san shekarar da za ka nemi wasiyya da rabon gado.

Amma sai ka san gundumar da za ka nema, don iyakoki sun yi ta canjawa. Kentucky yanki ne na Virginia har 1792. Daga 1772 tana cikin gundumar Fincastle, a ƙarshen 1776 aka mai da ita gunduma guda, a 1780 aka raba ta uku, Fayette da Jefferson da Lincoln, yau kuwa 120 ne. Mutum yana zaune a bukkarsa bai gusa ba, amma aurensa yana wannan gunduma, filinsa yana waccan, wasiyyarsa tana ta uku. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar canjin iyakokin a intanet, kyauta. Kuma ka shirya wa amsar da ma'aikata suka fi so: "takardun sun ƙone." Wani lokaci gaskiya ne, ofishin akawun Fayette ya ƙone a 1803, kuma an ƙone gine-ginen kotu 22 a Kentucky lokacin yaƙin basasa. Amma sau da yawa mai amsa wayar bai taɓa sauka ɗakin ƙasa ya duba ba, kuma ba ya son ya fara a kanka. Kada ka ce masa kana neman kakanninka. Ka ce kana son littafin cinikin filaye mai lamba kaza, shafi kaza. In ya ƙi, hukumar ɗakunan karatu da adana takardu ta jiha da ke Frankfort tana da hotunan mafi yawansu.

Takardun da suke yanke magana uku ne. Akwai takardar lamunin aure, inda ango da wani namiji, galibi uba ko wan amarya, suke sa hannu, wani lokaci da 'yar wasiƙar amincewar uba a maƙale in yarinyar ba ta kai 21 ba. Akwai wasiyya. Wadda ta fi su duka a wurina ita ce takardar da magada suke sayar da gonar ubansu, don dole a jera kowa da sunansa, mata da mazajensu, da inda kowa ya koma. Layi ɗaya a irin wannan ya fi jerin intanet dubu.

Rigimar filaye ma alheri ce ga mai bincike. Dokar Virginia ta 1779 ta ba wanda ya zauna a yankin kafin 1778 eka 400, da damar sayen wasu 1,000 a gefe. Ana samun izini, a shigar da buƙata, safiyo ya auna, sannan a ba da takardar mallaka. Amma da bishiyoyi da duwatsu da rafuka ake yin iyaka, sai filaye suka riƙa hawa kan juna, aka shafe shekaru ana shari'a. Daniel da kansa a nan ya rasa mafi yawan abin da ya mallaka. Ko a Missouri, filin da hukumar Sifen, mai mulkin yankin a lokacin, ta ba shi, kimanin eka 850, sai a 1814 majalisar Amurka ta tabbatar masa. A cikin waɗannan shari'u tsofaffi suna rantsuwa su ce na zo shekara kaza tare da wana wane da surukina wane. Takardun mallakar suna ofishin filaye na Sakataren Jihar Kentucky, an ɗora da yawa a intanet. Haka fayil ɗin fanshon tsoffin sojojin yaƙin 'yanci, musamman bayan dokar 1832: tsoho yana ba da labarin inda aka haife shi da duk inda ya zauna, matan da mazansu suka mutu kuwa har shafin Baibul suke yagowa su haɗa don shaidar aure.

In binciken ya kai ku kusa da gidan Boone da gaske, kun yi sa'a, don gida ne da aka yi wa aiki. Lyman Draper ya shafe shekaru yana yawo yana tattara wasiƙu da hirarrakin tsofaffin bakin iyaka, har ya zauna da Nathan Boone da matarsa Olive a 1851. Kundayensa, kusan 500, suna hannun ƙungiyar tarihi ta Wisconsin a Madison. Hazel Spraker ta fitar da babban littafin salsalar gidan a 1922, jagora ne mai kyau amma shi ma a bi shi da takarda. A garinku kuma ga ƙungiyar tarihi ta Filson Historical Society, ba sai ka hau jirgi ba. Can baya sosai akwai littattafan 'yan Quaker na Pennsylvania, inda aka rubuta auren Squire, uban Daniel, da Sarah Morgan a 1720, da korar Squire daga jama'ar bayan ɗansa Israel ya auri wadda ba 'yar ɗariƙar ba. In ka ga wasu sun ce an haifi Daniel 22 ga Oktoba 1734, wasu 2 ga Nuwamba, duka daidai ne, Ingila ce ta canja kalanda a 1752.

Gwajin DNA kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ake yi wa kowa da kowa, bayan hawa bakwai ko takwas mai yiwuwa ne babu abin da ya rage na wannan kaka da za a iya gani. Mai amfani a nan shi ne na ƙwayar Y, wadda take bi daga uba zuwa ɗa, kuma maiɗakinka ba ta da ita. Sai an samo namiji mai sunan Boone daga 'yan'uwan kakar. Zai nuna ko gidan George masaƙi ne ko wani gida dabam, wannan kuwa babban ci gaba ne. Amma Daniel da 'yan'uwansa shida Y ɗin ubansu suka gada, don haka raba su aikin takarda ne.

Ba ka faɗa mini ko dangin baƙaƙen fata ne ba. In haka ne, hanyar ta bambanta daga 1870, shekarar farko da ƙidaya ta rubuta waɗanda aka 'yanta a ƙarshen bauta da sunayensu. Kafin nan, a 1850 da 1860, sunan ubangida ake rubutawa, bawa kuwa sai shekaru da jinsi da launi. A Kentucky bauta ba ta ƙare ba sai Disamba 1865. Daniel ya mallaki bayi, Nathan ma haka, kuma wasu 'yantattu sun ɗauki sunan gidan da suka yi bauta. Sai a koma takardun hukumar 'yantattun bayi, da lissafin kayan gado, inda ake jera mutane da sunansu na fari da farashinsu tsakanin shanu da tukwane. Karatu ne mai ciwo, amma nan sunayen suke, kuma sun cancanci a fito da su.

Batun surukarka kuwa, ba sai ka je gadonta ka ce mata labarin gidansu ƙarya ne ba, don kai ma ba ka kai can ba tukuna. Abin da ka sani shi ne gaɓa ɗaya ta karye. Ka buga mata shafin ƙidayar da mahaifiyarta take yarinya a gidan ubanta, da sunayen 'yan'uwanta a jere, ka sa a firam. 'Yarka kuma ta ce kakar mahaifiyarta 'yar gidan Boone ce ta Kentucky, ana kan binciken ta wane reshe. In kun kai 1850, turo mini sunan gundumar, da shekarun maigidan da jihar da aka haife shi, da sunayen gidaje goma na sama da shi da goma na ƙasa a shafin, domin mutanen nan da dangi da surukai suke ƙaura, sai in gaya maka littafin harajin da za ka fara buɗewa.